Tambaya da Amsa: Taswira a waya, daga wasan 'yan firamare zuwa rijiyoyin unguwa

Jama'a assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru wannan karon kusan duk a kan taswira ne, sai na ga gara in haɗa su wuri ɗaya a yi ta ta ƙare. Wasu saƙonnin na rage musu tsawo saboda fili, masu su a yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar firamare ce ina koyar da 'yan aji biyar, kuma wallahi yaran nan in na ce su nuna min Zamfara a taswira sai su ɗora yatsa a Naija Delta. Akwai wani wasa na waya ko kwamfuta da zan haɗa musu da kaina na jihohi da ƙananan hukumomin Katsina? Ban iya harkar kwamfuta sosai ba. (Wata malama daga Funtuwa)

AMSA: Malama barkanki dai, Allah ya saka da alheri. Na jihohi ba sai kin wahala ba don an riga an yi. Ki buɗe burauza ki rubuta Seterra, wata mata ce 'yar ƙasar Suwidin mai suna Marianne Wartoft ta ƙirƙire shi tun ƙarshen shekarun 1990, kamfanin GeoGuessr ya saye shi a 2022. A ciki akwai taswirar Najeriya da jihohi 36 da Abuja, babu suna ko ɗaya a jiki, sai ya rubuto miki "Kebbi" a sama, yaro ya taɓa inda yake zaton nan ce, in ya dace ta canza kala, in ya kuskure ya sake, a ƙarshe a ba shi maki da lokacin da ya ɗauka. Wannan lokacin ne ma yake haukata yara, kowa so yake ya karya na ɗan'uwansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan hukumomi. Masu yin waɗannan wasannin suna can Turai da Amurka, gundumomin ƙasashensu duk sun zuba, amma Bakori da Ɗanja da Ɗandume ba su dame su ba, don haka wannan ke za ki yi da hannunki. Kuma ba wuya. Akwai shafin PurposeGames, akwai Wordwall, dukkansu dabara ɗaya ce: ki ɗora hoto, ki ɗiga ɗigo a duk inda kike so, ki ba kowane ɗigo suna, shikenan wasa ya haɗu, a ba ki linki ki tura. Wordwall na kyauta wasanni kaɗan yake bari ki yi kafin ya fara neman kuɗi, to ki sani. Abin da ake buƙata kawai hoton taswirar Katsina mai iyakokin ƙananan hukumomi 34 wanda ba rubutu a jiki. In kin samu mai rubutu ki shafe sunayen da kowace manhajar gyaran hoto, in kuma ba ki samu ba ki ɗora farar takarda a kan na littafi ki bi layin da biro ki ɗauki hoto da waya, ya wadatar, ba gasar zane ake ba.

Amma shawarata, kar ki jibga musu 34 rana ɗaya. Ki fara da Funtuwa da maƙwabtanta, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Faskari, wuraren da yaro ya taɓa jin an ce kawunsa ya tafi cin kasuwa, ko an kai yayarsa aure. Mako na gaba ki ƙara Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara, a haka a haka har ku isa Daura da Mai'adua da Jibiya. Yaron da ya san Bakori tana gabas da shi ya fi wanda ya haddace babban birnin Ajantina fahimtar mene ne taswira, ni dai a ganina.

Sai maganar da ba ki tambaya ba amma na san tana nan: yara sittin ko fiye, waya ɗaya, ba wuta, ba majigi. To ki raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya turo wakili, sauran suna ihu daga baya. Ko kuma ki bar wayar a jaka, ki fita da su fili, ki zana taswirar a ƙasa da toka ko farar ƙasa, babba wadda yaro zai iya tsayawa cikin jiha guda, ki kira "Jigawa!" su ruga. Wanda ya tsaya a Yobe ya fita. Wayar ta zama ta jarrabawar ranar Juma'a kawai. Kuma ki lura da tsofaffin taswirori da ke rataye a ofishin hedimasta, in ba ki ga Zamfara da Gombe a jiki ba to an buga ta kafin 1996 ne, in ba Jigawa kafin 1991, in Katsinar ma tana cikin Kaduna to ta girmi 1987, a ajiye ta don darasin tarihi.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a bayan gari nan Kano. Mun zagaya mun ɗauki lambobin GPS na duk rijiyoyin burtsatse, masu aiki da matattu, don mu kai wa kansila da masu tallafi. Na zuba a Google My Maps, shafin Google na haɗa taswirar kanka, amma abin mamaki wasu sun faɗa can Adamawa, guda biyu ma cikin teku. Aljanu ne ko me? (Sakataren wata ƙungiya, Kano)

AMSA: Hahaha, Malam Sakatare ba aljanu ba ne, kuma tun kafin in ga takardarka zan iya ce maka waɗanda suka tafi Adamawan kusa da Ganye suka sauka. Ga dalili. Kowane wuri a duniya lamba biyu gare shi, ta farko latitud, wato nisansa arewa ko kudu daga tsakiyar duniya, ta biyu longitud, nisansa gabas ko yamma. Kano tana wajen 12.0 arewa, 8.5 gabas. In wani cikin yaranku ya juya su ya rubuta 8.5 a gidan farko, 12.0 a na biyu, to kwamfuta ba ta da laifi, 8.5 arewa 12.0 gabas wuri ne na gaske kuma yankin Ganye ne. Mu nan abin ya fi ruɗarwa don in an juya lambobin ba sa barin Najeriya, sai ka ɗauka kuskuren na wani abu ne daban. Ka duba layukan, duk wanda lambar farko ta fara da 8 ka musanya. Google latitud yake sawa a gaba, amma wasu fayilolin irin GeoJSON longitud suke farawa da shi, nan ma ana yawan zamewa.

Na tekun kuma sifili ne. Wayar ba ta gama kama tauraron ɗan'adam ba aka danna ajiye, sai ta rubuta 0 da 0, kuma wurin da 0 ya haɗu da 0 yana cikin tekun Atilantika kudu da Ghana. Waɗannan biyun babu gyara daga kan kujera, sai an koma an sake ɗauka, a tsaya a fili ba ƙarƙashin rumfar kwano ko inuwar darbejiya ba, a ɗan jira lambar ta daina rawa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ku kuma taku matsalar daban ce, kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi take sawa a maimakon ɗigo, 13,5 maimakon 13.5, kuma fayil ɗin CSV, wato teburin lambobin da ake ɗorawa, da waƙafi yake raba gidaje, sai komai ya cakuɗe. Ku mayar da su ɗigo kafin ku ɗora.

Tunda ka riga ka fara da My Maps ka zauna a kai, ya ishe ku. Google ta fito da shi tun 2007, kyauta ne in kana da Gmail, yana ɗaukar rukuni 10 a taswira ɗaya, kowane rukuni har wuri 2,000, ku kuwa rijiyoyinku ba za su kai ko kusa ba. Manhajarsa ta Android an rufe ta a 2021, don haka kar ka ɓata data kana nema, ta burauza ake shiga, kuma gaskiya a kwamfuta ya fi daɗin aiki, a waya sai ka yi ta fama da yatsa. Abin da zai sa taswirar ta yi magana shi ne teburin da ke bayanta. Ka ƙara gida ɗaya ka kira shi "hali", ka rubuta "tana aiki" ko "ta mutu" ko "ruwa kaɗan", wani gidan na shekarar da aka haƙa, wani na abin da ya lalace, famfo ne ko sola ko tanki. Sai ka ce masa ya raba kala bisa gidan "hali". Nan take za ka ga kore da ja, kuma in jan ya taru a gefe ɗaya na unguwa ba sai ka yi wa kansila dogon turanci ba. Ka saka hoton kowace rijiya a jikin alamarta. Taswirar da ba bayanai buhu ne ba hatsi, ba ta tsayuwa a gaban kowa.

In za ku sake zagaye nan gaba ku daina rubuta lambobi a takarda, nan ne ake juya su. Ku yi fom a shafin tattara bayanai na KoboToolbox, yara su sauke manhajarsa ta KoboCollect, yana aiki ko ba sabis, shi zai ɗauki lambar da kansa har ya nuna kuskurenta mita nawa ne, in an dawo inda akwai netwok a tura gaba ɗaya.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, kuma da gaske nake. Wajen rabawa akwai zaɓin duk mai linki ya gani, akwai na kowa a intanet ya iya nemowa. Rijiya ba sirri ba ce. Amma na san halinmu, gobe wani zai ce a ƙara gidajen waɗanda suka ba da gudummawa da adadin da kowa ya bayar da lambar wayarsa, ko gidajen marayu da zawarawa don rabon azumi. A wannan zamanin na masu garkuwa da mutane, wannan ba abin sawa a taswirar da ke yawo a WhatsApp ba ne, ko kusa. A Janairun 2018 manhajar motsa jiki ta Strava ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya, kawai saboda sojoji suna gudun safe da agogo a hannu kuma taswirar a buɗe take. In ya faru da su, mu su wa? Gidajen mutane su zauna a littafin ma'aji.

TAMBAYA: Yaya ina ganin wani bature a TikTok ana nuna masa hoton titi na daƙiƙa ɗaya ya faɗi ƙasar. Wane gem ne kuma zan iya haɗa na garinmu? (Wani ɗalibi daga Gusau)

AMSA: Ƙanena GeoGuessr kenan, kuma ina zaton Trevor Rainbolt ka gani. Wani ɗan Suwidin, Anton Wallén, ya yi wasan a 2013. Ana jefa ka wani titi cikin hotunan Google Street View, ka duba ka canka inda kake, iya kusancinka iya makinka, mafi yawa 5,000 a zagaye. Har gasar duniya suka fara a Stockholm a 2023. Ba duba ba ne ba tsafi ba, hadda ce: wane hannu motoci ke bi, kalar lambar mota, irin turakun wuta, rubutun allon shago, kalar ƙasa. Har motar Google ɗin kanta suke karantawa. In suka ga baƙin salatif a jikin ƙarfen rufin motar sun san Ghana ce, in suka ga bututun shan iska a gaban motar Kenya ce, in kuma suka waiga suka ga motar 'yan sanda tana biye, to Najeriya ce, rakiya aka ba su. Abin dariya abin takaici.

Yanzu mafi yawansa sai da kuɗin wata, don Google tana cajin su kuɗin hotunan, kuma ta ƙara farashi sosai a 2018. Akwai masu kama da shi na kyauta irin Geotastic da OpenGuessr. Amma duk suna shan data kamar me, kar ka shiga da ɗan megabait ɗin da ka saya na karatu. In kana son mai sauƙi gwada Worldle, inuwar ƙasa ɗaya kullum, canka shida, kowane kuskure ya gaya maka nisan kilomita da ɓangaren da za ka nufa.

Na garinku kuwa, wasan ba ya zuwa inda motar Google ba ta taka ba. Legas aka fara a 2017, Abuja da Ibadan da Inugu da Benin suka biyo a 2019, kuma hotunan sun fi yawa a kudu. To ka yi naka da hannu mana. Ka ɗauki hotunan wurare ashirin a Gusau waɗanda ba allo a jiki, bakin wata kasuwa, wata kwana, wata tsohuwar bishiya, ka zuba a shafin haɗa tambayoyi irin Kahoot ko Google Forms da zaɓi huɗu-huɗu, ka tura wa abokai. Za ka sha mamakin yadda mutum ke wuce wuri kullum bai taɓa kallonsa ba. Kar dai ka ɗaga waya kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro, kuma ka nemi izini kafin fuskar mutum ko ƙofar gidansa ta shiga.

TAMBAYA: Malam ina aji huɗu a sashen tarihi, aikina a kan fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja ne. Ina son in nuna hanyar ayari a taswirar da za a riƙa dannawa ana karanta bayani, ba zane kawai ba. (Wata ɗaliba daga Zariya)

AMSA: Madalla da wannan aiki. StoryMapJS kike nema, na Knight Lab a jami'ar Northwestern ta Amurka, kyauta, da akawun ɗin Google ake shiga. Kowane zango shafi guda ne, ki sa wurin, ki rubuta bayani, ki ɗora hoto, mai karatu yana danna kibiya taswirar tana tafiya da shi zango zuwa zango kamar yana bin madugu. Ki tashi daga Kano, ki bi ta Jega, ki haye Kwara, ki shiga Nikki da Djougou a Benin ta yau, Sansanne Mango a Togo, Yendi a Ghana ta yau, ki sauke kaya a Salaga ta ƙasar Gwanja. A shafin Kano ki faɗi su waye fataken, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da abin da jakuna ke ɗauka, kanwa da tufafi da fatu, a dawo da goro. A na Salaga kar ki manta yaƙin basasar 1892 da ya watsa kasuwar, jama'a suka bazu Kete Krachi da Kintampo da sauran zangon-zango.

Hattara biyu. Akwatin nema zai iya yaudararki, in kika rubuta Gaya don mahayin kogi zai iya kai ki Gaya ta jihar Kano alhali ta Nijar kike nufi, wadda ke bakin Kwara, to ki ja alamar da hannunki ki ajiye. Haka sunaye, taswirorin nan rubutun Turawa suke bi, Sokoto ba Sakkwato ba, Zinder ba Damagaram ba, Tahoua ba Tawa ba, ki nema da nasu ki rubuta namu a bayanin. Na biyu, manhajar miƙaƙƙen layi take ja tsakanin zango da zango a kan iyakokin ƙasashen yau, kuma ayari bai san wata Togo ba, hanyar ma ba ɗaya ba ce, tana sauyawa da yaƙi da kuɗin fito da inda ruwa yake. Ki faɗi haka ɓaro-ɓaro a shafin farko kafin malaminki ya faɗa miki ranar kare aiki.

TAMBAYA: Ƙauyenmu ba ya cikin taswira sam, sai fili kawai. Wa ake kai wa ƙara? (Wani manomi daga yankin Tasawa)

AMSA: Ba kowa Alhaji, kai za ka sa shi. OpenStreetMap taswira ce da jama'a ke zanawa da kansu, Steve Coast ya fara ta a Ingila a 2004, kowa na iya buɗe akawun ya ƙara gari, hanya, masallaci, asibiti, makaranta. A kan hoton tauraron ɗan'adam ake bi ana zanawa, kuma akwai gidan sa sunan wuri da Hausa daban. Sharaɗinsu kar ka kwafo daga Google, abin da ka sani da idonka za ka sa. In ya shiga, bayan ɗan lokaci zai fito a manhajoji irin OsmAnd da Organic Maps waɗanda ake sauke taswirar ƙasa gaba ɗaya a yi amfani da ita ba sabis. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, lokacin yaƙi da shan inna a arewacin Najeriya sai da aka zauna aka zana rugage da ƙauyukan da ba sa cikin kowace takarda kafin masu rigakafi su daina tsallake su. Ka samu wani ɗanka mai kwamfuta, kai kana faɗa yana zanawa. In kuma kuna son taku taswirar a kai, ta rijiyoyi ko burtali, akwai uMap, aikinsa kusan ɗaya da My Maps.

TAMBAYA: Gaskiya ne Girinlan ta kai Afirka girma? Haka nake gani a taswira. (Daga Kumasi)

AMSA: Ko kusa. Afirka ta haura murabba'in kilomita miliyan 30, Girinlan miliyan 2 da 'yan kai, wajen ninki 14 kenan. Laifin salon zanen Mercator ne na 1569, an yi shi don matuƙan jirgin ruwa, yana kumbura duk abin da ya yi nisa da tsakiyar duniya. Shiga thetruesize.com ka ja Girinlan ka ɗora a kan Afirka ka ga yadda take tsukewa a idonka. Malamar Funtuwa, wannan ma ki nuna wa yaranki.

TAMBAYA: Ni da maƙwabcina muna rigimar iyakar fuloti. In na zana a My Maps na buga zai zama hujja? (Wani magidanci daga Kaduna)

AMSA: A'a Malam, kar ma ka fara. GPS na waya ko a fili yana iya kaucewa da wajen mita 5, cikin gine-gine ya fi haka. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 faɗinsa wajen mita 15 ne, ka ga kuskuren kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin uku, kuma hoton tauraron da kake zana a kai shi ma yana iya gocewa. In gona ce kana son ƙiyasin hekta nawa ce don sayen taki da iri, ka zagaye ta da layi zai ba ka lissafi, wannan ba laifi. Amma iyaka aikin safiyo mai rajista ne da takardun KADGIS, hukumar filaye ta jihar, tunda a Kaduna kake. Kafin nan ku je wajen mai unguwa da dattawan da suka shaida cinikin, ku tafi da takardar sayen.

Masu tambaya a kan manhajojin haɗa taswira na Leaflet da QGIS na ga saƙonninku, wannan sai an zauna da kyau, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.